Pop Gates: Kocin da Lissafin NBA Ya Tsallake

 Kamar yadda muka saba, ga shirin a rubuce saboda waɗanda data ba ta ba su damar saurare ba, da waɗanda suka fi son su karanta a natse.

Yau ƙwallon kwando za mu taɓa. In na tambaye ku wane ne baƙar fata na farko da ya zama kocin ƙungiya a babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, na san masu bin NBA a cikinku za su ce Bill Russell ne, a Boston Celtics, shekarar 1966. Amsar daidai ce in dai NBA kaɗai ake magana. Amma shekara 18 kafin nan, akwai wani mutum da ya riƙe ƙungiya a matsayin koci kuma ɗan wasa lokaci guda, a gasar da ita ce ɗaya daga cikin iyayen NBA ɗin. Sunansa William Gates, amma kowa da Pop Gates ya san shi. Rayuwarsa ta wasa kusan duk a hanya ta ƙare, daga wannan gari zuwa wancan, daga ƙaramar gasa zuwa wata, kuma ko wasa ɗaya bai taɓa bugawa a NBA ba. Dalilin hakan shi ne labarinmu na yau.

Bari mu fara da yadda harkar take a lokacin, don in ba mu gane wannan ba, ba za mu gane mutumin ba. A 1891 aka ƙirƙiri ƙwallon kwando a garin Springfield na jihar Massachusetts, wani malamin motsa jiki mai suna James Naismith ne ya ƙirƙiro ta. Ba a daɗe ba mutane suka fara buga ta don kuɗi. To amma ku cire hoton NBA ta yau daga ranku. A farkon zamanin 'yan wasan kuɗi, a wasu wuraren cikin keji ake wasan, a kewaye filin da raga ta waya ko ta igiya, ƙwallo ba ta fita, 'yan kallo ba sa shigowa. Filin kuwa duk inda aka samu ne: zauren rawa, ɗakin taron coci, zauren sojoji, ɗakin motsa jikin makaranta. Babu jifan maki uku. Agogon daƙiƙa 24 da ke tilasta wa ƙungiya ta yi jifa sai a 1954 ya zo. Shi ya sa in kun ji an tashi wasa 34 da 25, kada ku ce ba su iya ba ne. Haka wasan yake, in kana gaba kana iya riƙe ƙwallo ka yi ta wasa da ita har lokaci ya cika.

Gasanni kuma kamar naman kaza suke, yau su tsiro gobe su bushe. A 1925 aka kafa wata mai suna ABL, ta rushe a 1931 lokacin da tattalin arzikin Amurka ya karye, ta dawo a 1933 amma a matsayin gasar yanki a gabashin ƙasar. A 1937 aka kafa NBL a tsakiyar ƙasar, inda kamfanoni irin su Goodyear da Firestone da General Electric suke da hannu, kuma yawancin ƙungiyoyinta na ƙananan garuruwa ne kamar Oshkosh da Sheboygan. Ɗan wasa a wancan zamanin yakan yi aikin masana'anta da rana, ya buga wasa da dare. Babu wanda yake zama attajiri da ƙwallon kwando.

A cikin irin wannan duniyar aka haifi Gates, ranar 30 ga Agusta 1917, a garin Decatur na jihar Alabama, can kudancin Amurka inda wariyar launin fata doka ce a rubuce. Yana ƙarami iyalinsa suka koma New York, ya tashi a unguwar Harlem. Ba su kaɗai ba ne, miliyoyin baƙaƙen fata ne suka yi irin wannan ƙaura daga kudu zuwa biranen arewa a waɗannan shekarun. A Harlem ya koyi wasa, ya shiga makarantar sakandare ta Benjamin Franklin, kuma a 1938 ƙungiyar makarantar ta ci kofin birnin New York da shi a ciki. Daga nan ya tafi kwalejin Clark a Atlanta, amma bai jima ba ya dawo gida. Da ya dawo kuwa, akwai ƙungiyar da duk yaron Harlem yake mafarkin shiga: New York Renaissance, waɗanda ake ce wa Rens.

Dole in ɗan tsaya a kan Rens. Wanda ya kafa ta sunansa Bob Douglas, ɗan asalin tsibirin St. Kitts a yankin Karebiyan. A 1923 ya ƙulla yarjejeniya da mai wani zauren rawa da ake kira Renaissance Casino, a titi na 138 a Harlem: ka ba mu zaure mu yi wasa, mu kuma mu sa wa ƙungiyar sunan zaurenka. Haka aka yi. A kafa kwanduna a kan dandamalin rawa mai santsi, a buga wasa, a kwashe kwanduna, makaɗa su hau, jama'a su shiga rawa. Ƙungiya ce ta baƙaƙen fata, mai ita ma baƙar fata, yana biyan 'yan wasansa albashi. Sun nemi shiga ABL, aka hana su. Tun da babu gasar da za ta karɓe su, sai suka mayar da hanya gidansu.

Ku yi tunanin wannan rayuwar. Suna da bas ɗinsu da suke kira Blue Goose. A kaka ɗaya sukan buga wasa sama da 100, kusan kullum, ranar Lahadi wani lokaci sau biyu. Garuruwa da yawa da suke zuwa, jama'a za su cika zaure don kallonsu, amma otal ba zai ba su ɗaki ba, gidan abinci ba zai sayar musu ba. Saboda haka sukan sauka a babban birni kamar Chicago ko Indianapolis inda za su samu masauki, su yi tafiyar mil ɗari ko biyu su je su buga wasa, su juyo cikin daren. Akwai mai kula da harkokinsu na hanya, Eric Illidge, wanda yake ƙirga 'yan kallo da kansa, don kada mai zaure ya ce mutum ɗari biyar ne suka shigo alhali dubu ne, kuma 'yan wasa ba sa fitowa fili sai kuɗi ya shigo hannu. Duk da wannan wahalar, a kakar 1932 zuwa 1933 sun ci wasa 88 a jere cikin kwana 86. Ku sake duba lissafin: wasannin sun fi kwanakin yawa. John Wooden, wanda daga baya ya zama shahararren kocin jami'ar UCLA, ya buga da su lokacin yana ɗan wasa a Indianapolis, kuma har ya tsufa yana cewa bai ga ƙungiyar da ta kai su wasan haɗin kai ba.

Wannan ƙungiyar Gates ya shiga a kakar 1938 zuwa 1939, yana ɗan shekara 21. Tsayinsa ƙafa shida ne da ɗoriya, ba dogo ba ne a ma'aunin yau, amma yana da ƙarfi da sauri, yana kutsawa har ƙarƙashin kwando, yana tsare abokin karawa kamar ƙaya a tufafi. Ya tarar da manya irin su Tarzan Cooper da Wee Willie Smith da Fats Jenkins, ga matasa irin su John Isaacs da Puggy Bell. A wannan kakar sun ci wasa 112, aka ci su 7 kacal.

A watan Maris na 1939 wata jaridar Chicago, Herald-American, ta shirya gasa ta farko da aka kira gasar duniya ta 'yan wasan kuɗi. Abin da ya bambanta ta shi ne an gayyaci kowa, farare da baƙaƙe, 'yan lig da 'yan yawo. Ranar wanka kenan, ba a ɓoyon cibi. Rens suka doke Harlem Globetrotters 27 da 23 a wasan kusa da na ƙarshe, sannan suka haɗu da Oshkosh All-Stars, ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin NBL, suka cinye su 34 da 25. Gates, yaron da bara yake sakandare, shi ya fi kowa maki a ɓangaren Rens a wasan ƙarshen. Daga zakaran sakandare zuwa zakaran duniya cikin shekara guda.

Akwai wani abu da ya faru bayan wannan nasarar da nake so ku riƙe. An yi wa 'yan wasan riguna na tunawa, an rubuta a baya cewa su ne zakarun duniya na baƙaƙen fata. John Isaacs ya ɗauko reza ya kankare kalmar da ke nuna launin, ya bar zakarun duniya kawai. Hujjarsa mai sauƙi ce: ai ba baƙaƙe kaɗai muka doke ba, kowa muka doke.

Sai yaƙin duniya na biyu ya zo ya hargitsa komai. An taƙaita man fetur da tayoyi, doguwar tafiya a bas ta yi wuya. Gates ya kama aiki a kamfanin ƙera jiragen yaƙi na Grumman a Long Island, yana kuma buga wa ƙungiyar kamfanin wasa. A ƙarshen mako kuma shi da tsofaffin abokansa na Rens sukan gangara birnin Washington su buga wa wata ƙungiya mai suna Washington Bears, wadda wani mai gidajen sinima, Abe Lichtman, yake ɗaukar nauyinta. A 1943 Bears suka buga wasa 41 ba a ci su ko sau ɗaya ba, suka je Chicago suka sake haɗuwa da Oshkosh a wasan ƙarshe, suka doke su 43 da 31. Kofin duniya na biyu kenan a hannun Gates.

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Yaƙin nan ya tsaga bango. Da aka kwashe matasa zuwa soja, ƙungiyoyin NBL suka rasa 'yan wasa, shi ne a kakar 1942 zuwa 1943 ƙungiyoyi biyu, ta Toledo da ta Chicago Studebaker, suka ɗauki baƙaƙen fata. Abin bai ɗore ba, amma an ga cewa sama ba ta faɗo ba. Bayan yaƙi, a 1946, aka sake gwadawa. Rochester Royals ta ɗauki Dolly King, sabuwar ƙungiyar Buffalo Bisons kuma ta ɗauki Pop Gates. Ku lura da shekarar. Jackie Robinson, wanda duk duniya ta sani a matsayin wanda ya karya shingen wariya a wasan besbol, sai ranar 15 ga Afrilu 1947 ya buga wasansa na farko da Brooklyn Dodgers. Gates da King sun riga shi da watanni.

Buffalo ba ta samu 'yan kallo ba. Kafin shekarar ta ƙare, a Disamba, aka kwashe ƙungiyar aka kai ta garin Moline na jihar Illinois, aka canja mata suna zuwa Tri-Cities Blackhawks, saboda garuruwa uku da ke maƙwabtaka a bakin kogin Mississippi: Moline da Rock Island da Davenport. In sunan ya yi muku kama da wani abu, kun canka. Ita ce ta koma Milwaukee a 1951, ta koma St. Louis a 1955, ta koma Atlanta a 1968. Atlanta Hawks ɗin da kuke kallo yau, Pop Gates yana cikin 'yan wasanta na kakar farko.

To a nan ne aka samu matsala. A watan Fabrairu na 1947, a wani wasa da Syracuse Nationals a Moline, Gates da wani ɗan wasa farar fata mai suna Chick Meehan suka yi ta gwabzawa, har abin ya kai ga naushi. Meehan ya ji rauni, 'yan kallo suka ɓarko cikin fili, sai da jami'an tsaro suka shiga tsakani. Faɗa a filin ƙwallon kwando na wancan zamanin ba baƙon abu ba ne, kusan kowane mako ana yi. Shi kansa Meehan daga baya ya nuna cewa zafin wasa ne, ba maganar launi ba. Amma da kakar ta ƙare, baƙaƙen fata huɗun da ke NBL a shekarar, babu wanda aka sabunta wa kwantiragi a cikinsu. Babu wata doka da aka rubuta, babu sanarwa. Kawai kowa ya yi shiru, ƙofa ta rufe. Ni a ganina wannan shi ne nau'in wariyar da ya fi wuyar yaƙa, wanda babu takardar da za ka nuna ka ce ga ta.

Gates ya koma Rens. A 1948 suka sake kaiwa wasan ƙarshe na gasar Chicago, suka haɗu da Minneapolis Lakers, kakannin Los Angeles Lakers na yau. George Mikan, dogon da ya fi kowa tashe a lokacin, ya zuba maki 40, Lakers suka sha da ƙyar, 75 da 71. Maki huɗu ne tsakanin ƙungiyar da ba ta da lig da zakarun NBL na shekarar. Wannan ce kuma gasar Chicago ta ƙarshe, daga ita ba a sake yi ba.

Yanzu mu shiga siyasar abin, don a nan ne maganar koci ta shigo. A 1946 masu manyan zaurukan wasa na birane irin su New York da Boston da Philadelphia suka kafa tasu gasar, BAA, don su cika zaurukansu a daren da babu wasan hoki na ƙanƙara. Su ke da manyan birane da kuɗi, NBL ke da gwanayen 'yan wasa. Bob Douglas ya nemi a karɓi Rens a BAA, kuma Joe Lapchick, kocin New York Knicks wanda ya daɗe yana karawa da Rens tun yana ɗan wasa, ya goyi bayansa. Masu ƙungiyoyin suka ƙi. A shekaru ukun da BAA ta yi, babu baƙar fata ko ɗaya da ya buga a cikinta. Sai a 1948 BAA ta yi wa NBL kwacen da ya karya ta: ƙungiyoyi huɗu suka tsallaka, Minneapolis da Rochester da Fort Wayne da Indianapolis.

NBL tana tangaɗi, sai a Disamba 1948 wata ƙungiyarta, Detroit Vagabond Kings, ta rushe ana tsakiyar kaka. Ana buƙatar wanda zai cike gurbin don jadawalin wasanni kada ya lalace. Sai aka tuna da Rens. Bayan shekara 25 suna ƙwanƙwasa ƙofa, aka ce su shigo. Amma ku ji sharuɗɗan. Na farko, ba a New York za su zauna ba, sai a Dayton ta jihar Ohio, garin da ba nasu ba, da sunan Dayton Rens. Na biyu, za su gaji sakamakon Detroit, wato nasara 2 da rashin nasara 17. Kun ga an ba ka gona, amma an haɗa maka da bashin wanda ya gudu ya bar ta.

Wanda aka ɗora wa jagorancin wannan ƙungiyar shi ne Pop Gates, yana ɗan shekara 31, koci kuma ɗan wasa. Ma'anar wannan ita ce shi ke tsara wanda zai shiga da wanda zai fita, shi ke faɗin dabara, sannan shi ma yana cikin fili yana haki kamar kowa. Ba wani abin mamaki ba ne a lokacin, ƙungiyoyi da yawa suna yin haka don su rage albashin mutum ɗaya. Abin da ba a taɓa gani ba shi ne baƙar fata a wannan kujerar a babbar gasa, kuma ƙungiyar gaba ɗayanta ta baƙaƙe. Yana da Dolly King, yana da Hank DeZonie, yana da George Crowe wanda daga baya ya koma besbol ya yi suna a can.

Ba zan yi muku kwalliya ba, kakar ba ta yi kyau ba. Sun ci wasa 14, an ci su 26. Wasu daga cikin manyansu shekaru sun fara ja, matashin gwaninsu Nat Clifton kuma ya riga ya koma Globetrotters inda kuɗi ya fi. Mutanen Dayton ba su rungume su ba, zaure ba ya cika. Amma ku auna da abin da suka gada: Detroit wasa 2 ta ci cikin 19, su kuma 14 cikin 40, babu shiri, babu gida, an jefo su tsakiyar kaka.

Ranar 3 ga Agusta 1949, NBL da BAA suka haɗe suka zama NBA, da ƙungiyoyi 17. Dayton Rens ba ta ciki. Don adalci, ba ita kaɗai aka bari ba, Oshkosh da Hammond ma ba su shiga ba. Amma sakamakon a bayyane yake: kakar farko da aka buga da sunan NBA babu baƙar fata ko ɗaya a fili. Rens kuwa daga nan ta watse, bayan ta ci wasa sama da 2,000 a tarihinta.

Ina mutum irin Gates zai nufa? Sai ƙaramar gasa. ABL ɗin nan da ta taɓa hana Rens shiga, a lokacin ta riga ta zama gasar ƙananan garuruwan gabas, irin su Wilkes-Barre da Paterson da Bridgeport, inda ake wasa galibi a ƙarshen mako. Gates ya tafi Scranton, garin masu haƙar kwal a jihar Pennsylvania, ƙungiyar ma sunanta Miners, wato mahaƙa. Kocinsu Red Sarachek ya yi abin da ba a saba ba, ya sa baƙaƙe uku a fili lokaci guda: Gates da Dolly King da Eddie Younger. Scranton ta ɗauki kambun ABL a kakar 1949 zuwa 1950. Abin lura a nan shi ne, ƙaramar gasar da ba ta da kuɗi ita ce ta fi babbar ƙarfin hali. Mai ƙungiya a garin kwal ba shi da lokacin tsarar launi, abin da yake so shi ne a ci wasa zaure ya cika. Haka aka ci gaba da gani a gasar Eastern League ta yankin Pennsylvania, wadda shekaru da yawa ta zama mafakar gwanayen baƙaƙen 'yan wasa da NBA ba ta ba su gurbi ba.

A 1950 NBA ta buɗe ƙofa. Boston ta zaɓi Chuck Cooper, New York Knicks ta ɗauki Nat Clifton, Earl Lloyd na Washington Capitols kuma shi ne ya fara taka fili ranar 31 ga Oktoba. Lloyd yana da shekara 22. Gates yana da 33. Ƙofar da ya yi shekaru yana turawa ta buɗe ne daidai lokacin da ƙafafunsa suka fara gajiya. Sai ya koma Harlem Globetrotters, tsofaffin abokan hamayyarsa, ya yi musu wasa da aikin koci har zuwa tsakiyar shekarun 1950. Globetrotters na Abe Saperstein su ne masu jan jama'a a lokacin, har ƙungiyoyin NBA sukan gayyace su su buga wasan share fage don zaure ya cika. Wato baƙaƙen 'yan wasa suna taya NBA tara kuɗin ƙofa tun kafin ta yarda ta ɗauke su da yawa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

To me ya sa sunansa ya ɓace? Amsar tana cikin yadda NBA ke lissafa tarihinta. Duk da cewa gasa biyu ne suka haɗu a 1949, NBA tana ƙirga shekarunta ne daga 1946, ranar haihuwar BAA. Wasan da take kira na farko shi ne na 1 ga Nuwamba 1946 a Toronto, tsakanin Huskies da Knicks. Shi ya sa ta yi bikin cika shekara 75 a kakar 2021 zuwa 2022. Abin da aka yi a NBL ba ya cikin kundinta. Ko kofin da Lakers suka ci a NBL a 1948 ba a ƙirga shi cikin kofunansu na NBA. Kun ga abin da wannan ya haifar? Ɓangaren da ya ɗauki baƙaƙen fata tun 1942, ya karɓi ƙungiyarsu, ya ga kocinsu na farko, shi aka goge. Ɓangaren da ya rufe musu ƙofa shi ya zama asalin gida. Ba na cewa an yi hakan don a ɓoye Gates, wanda ya fi ƙarfi a haɗakar ne kawai ya riƙe alƙalami. Amma ko da gangan ko ba da gangan ba, sakamakon ɗaya ne.

Karramawa ta zo, amma a makare. A 1963 aka shigar da Rens a matsayin ƙungiya cikin zauren gwarazan ƙwallon kwando da ke Springfield. Bob Douglas ya shiga a 1972. Pop Gates sai a 1989, yana da shekara 71. Abin da ya fi burge ni shi ne waɗanda aka karrama tare da shi a shekarar: K.C. Jones da Lenny Wilkens. Dukkansu baƙaƙen fata ne, kuma dukkansu sun ci kofin NBA a matsayin koci, Wilkens da Seattle a 1979, Jones da Boston a 1984 da 1986. Tsohon da ya fara zama a kujerar a Dayton, ga shi tare da waɗanda suka zauna a kanta suka ɗaga kofi. Ya rasu a New York a watan Disamba na 1999, yana da shekara 82. Zauren rawan Harlem inda Rens ta fara kuwa an rushe shi a 2015.

Mu a nan labarin bai yi mana nisa kamar yadda ake zato ba. Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya ya fara ƙwallon kwando a can, shi ne shugaban Toronto Raptors lokacin da ta ci kofin NBA a 2019. Kafin a kai ga baƙar fata ya riƙe ƙungiya sukutum, sai da wani ya fara nuna cewa zai iya tsayawa a gefen fili ya ba da umarni a saurare shi. Gates ya yi hakan da ƙungiyar da aka ba shi da bashin rashin nasara 17 a wuyanta.

Akwai kuma darasin da nake ganin ya fi shafar mu kai tsaye. Abin da ya ceci sunan Gates shi ne akwai jaridun da suka rubuta sakamakon wasanninsa, musamman jaridun baƙaƙen fata na lokacin, kuma an adana su, har masu bincike suka zo daga baya suka tono. Mu tambayi kanmu: wa yake rubuta sakamakon gasannin unguwa da na jiha da ake bugawa a Kano da Kaduna da Zariya da Damagaram? Kocin da ya shekara talatin yana horar da yara a filin siminti, ina aka rubuta sunansa? In akwai irinsa a unguwarku, ku je ku zauna da shi, ku kunna rikodar wayarku, ku tambaye shi shekaru da sunaye da sakamako tun yana iya tunawa. Ku ɗauki hoton tsofaffin hotunansa. Aikin awa ɗaya ne.

A nan za mu dakata. Ku faɗa mana ra'ayinku: ya kamata NBA ta shigar da tarihin NBL cikin kundinta, ko a bar shi yadda yake? Wanda ya ji daɗin shirin ya tura wa abokinsa mai son ƙwallon kwando. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.